Kunnen Kaka a Garejin Jika

"Lafiya lau, uwargida. Ya aiki? Ko in ce ya danne-danne?"

"Da godiya, angon da ba ya cefane. Wa ya buɗe maka ƙofa ka fito?"

Tsohon bakanike ne da jikarsa, wadda garejin ya koma hannunta bara. Shekara arba'in da uku ya yi yana kwance kafireta a rumfar nan, sai motocin injekta masu ƙwaƙwalwa suka cika gari, 'ya'yansa suka ce ya zauna gida ya huta. Hutun kuwa cinsa yake yi. Yau ya sulalo ne don ya nuna da sauran amfaninsa, ko a bar shi ya riƙa zuwa. Bakinsa na zuba cika baki, amma a ransa tsoro yake ji.

Ya same ta a kan wata farar mota, bonet a buɗe, na'urar gwaji a hannunta. Injin na aiki a tsaye, amma silo, wato bugun injin in ba a ba shi wuta ba, ya ƙi zama, ya hau ya sauka kamar mai haki.

"Matsa ki ga aikin maza," in ji shi, ya zaro sukudireba daga aljihu. "Mai ne bai isa ba. Murɗa ɗaya da rabi, an gama."

Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya gyara tabarau ya sake leƙawa.

"Ina suka kai sukurun mai?"

"Ya rasu tun ina goye. Ba ka je gaisuwa ba?"

Tsoho bai haƙura ba. Ya hango wani ɗan sukuru a jikin totur, ya kai masa hannu. Ta riƙe wuyan hannun.

"Wannan daga kamfani aka saita shi. Ka taɓa, ƙwaƙwalwar motar ta rikice, ni kuma in sake ka."

"Yaushe mace ta fara saki?"

"A garejin nan ni ke saki, har da na uku."

Ya yi dariya, amma kunya ta kama shi sosai. Ya mai da sukudireban aljihu a hankali.

"To me bokan naki ya ce?" in ji shi, yana nuna na'urar hannunta.

"Ya ce iska ta yi wa mai yawa. Ga shi, ƙwaƙwalwar na ƙara mai kashi ashirin da biyu don ta cike. In na ba ta wuta lambar ta sauka, in na saki ta koma."

"Ashe iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya."

"Na sani, malam. Ta ina? Tun safe nake bin tiyo ɗaya-ɗaya. Mai motar na zuwa da azahar, in ban gano ba sai na kwance saman injin duka."

"Bokan bai faɗi ƙofar ba?"

"Bai faɗa ba."

Nan tsoho ya ji zuciyarsa ta ɗan motsa. Ya ɗauko guntun tiyo daga kwandon tarkace, ya busa ƙurar ciki, ya kafa baki ɗaya a kunne.

"Kai da sai an kira ka sau uku kake juyowa?"

"Kunnen nan zaɓe yake yi. Surutunki ne ba ya ɗauka."

"Jiya fa aka ce ka amsa sallamar akuya."

"Ta fi ki ladabi. Yi mini shiru."

Ya riƙa yawo da ɗaya bakin tiyon a jikin injin, sannu sannu, ido a rufe.  Ya wuce gaba, ya dawo, ya cusa can ƙasa ta baya inda ido ba ya kaiwa. Sai ya tsaya. Wani siririn tsaki ne ke shigo masa kunne.

Ya zura hannu, ya lalubo wata 'yar roba da ta tsage ta ciki, ya danne da babban yatsa. Injin ya yi ajiyar zuciya, karkarwar ta tsaya.

"Karanta mini bokan."

"Sha biyar... tara... uku." Ta ɗago kai. "Ɗaga yatsan."

Ya ɗaga, mota ta koma haki. Ya mayar, ta natsu.

"To sai dai in sayar wa mai motar da kai," in ji ta. "A rufe bonet kana ciki."

"Za ki yi kuka kafin a fita layin nan."

"Kukan daɗi."

Ta yanko sabuwar roba ta sa, ta saurari injin ɗan lokaci, ta kashe motar. Sannan ta fashe da dariya, ta ciro makulli ɗaya daga zoben makullanta ta miƙa masa.

"Na sallama, tsoho. Gobe bakwai da rabi ka buɗe. Ka makara in kore ka."

"Ubanki fa? Shi ya ce in huta."

"Bar ni da ɗanka. Ina da ma'aikaci mai kunne, ba zan bar shi yana gadin tabarma ba."

Tsoho ya karɓi makullin. Ya juya wajen injin kamar mai duba wani abu, yana share ido da bayan hannu.

"Hayaƙin motar nan da yaji yake," in ji shi.

"Na kashe ta tun ɗazu, Kaka."