Ɗanyen Tumatir da Kwalbar Matar Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kukun Baturen gona ya kwanta zazzaɓi a barikin Makarfi, aka aiko kasuwa a kira ni. Lokacin mijina ya rasu, da tuwon sayarwa nake riƙe da gida, kuma daga Dandamisa har Kudan an san miyata. Tafinta Malam Garba ya ce in na burge matar Baturen, aikin girkin ya zama nawa.

Matar ta zube mini tumatir, albasa, ɗanyen barkono da lemon tsami. Wai cimar wata ƙasa ce, Meziko, inda ta girma.

Malam Garba ya ce, "Iya, ki yayyanka ƙanana, ki matsa lemo, ki barbaɗa gishiri. Kada ya ga wuta."

"Ɗanye? Awaki ta gayyato?"

"Baƙi ne daga Zariya. Ke dai yi yadda aka ce."

Ta kuma nuna kwalabe biyu, fara da ja. Wai farar za a sanyaya a randa, ita ake sha da abinci mai yaji. (Na san giya ce. Ba zan yi muku ƙarya da furfurata ba. Ce wa raina na yi ai ba ni zan sha ba.)

Suna fita tausayin matar ya kama ni. Na ce baiwar Allah ba ta samu uwar da ta koya mata girki ba, yau za ta kunyata mijinta. Na markaɗe komai a dutse, na soya da man gyaɗa, na jefa daddawa. Farar kwalbar kuwa sai ka ce ruwan wankin shinkafa, na ture ta gefe. Na ƙwaƙule toshiyar jar da wuƙa, har ta fantsamar mini a zane, na shinshina: tsami kamar kwantan kunu. A garin rake a ba baƙo tsami? Na kankare mazarƙwaila na ɗura, na girgiza da kyau.

Da kaina na kai tebur, ina taku ɗaiɗai. Babban baƙon ya kurɓi jar giyar, ya toshe baki da ƙyalle. Matar ta buɗe kwano, ta ga mai yana yawo a sama. Sai ta tsayar da ni gabansu tana nuna ni da cokali, suna ta ƙyaƙyatawa.

"Malam, me take cewa?"

"Iya, bar shi kawai."

"Wallahi sai ka faɗa!"

"Wai kwalbar nan ta tsira a jirgin ruwa, ta tsira a jirgin ƙasa, amma ba ta tsira a hannunki ba."

Ban samu aikin ba. Na ratsa kasuwa da rana tsaka zanena na warin giya, kafin Juma'a sunana ya koma Mai Giyar Turawa. Malamin unguwarmu ya hana iyalinsa sayen tuwona, sauran gidaje suka bi. Damina biyu na yi ina cirar gyaɗa a gonakin mutane a Paki, inda ba a san ni ba.

Tun daga nan na daina gyara wa mutum abin da bai ce ya lalace ba, balle wanda ya fi ni ƙarfi. Amma miyar ta yi daɗi, wannan ba na janyewa. Malam Garba ne ya tafi da ita gida, kuma washegari shi ɗin, wanda daga baya ko gaisuwata ya daina amsawa a kasuwa, ya aiko matarsa a ɓoye ta tambaye ni daddawa nawa na sa.