Damin Harawar Kawu Sale

Ni mutum ne da ban cika tabbatar da abu ba, amma wannan kam na tabbata: ranar da Kawu Sale ya ba ni kyautar harawa ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

A shekarar na gama karatun aikin gona na dawo ƙauyenmu, can wajen Gezawa. An gama girbi, komai ya bushe ƙayau, ga labarin gobara ta cinye karan wani ƙauye kusa da mu. A taron ƙofar gidan mai unguwa na miƙe na ce, a ganina, idan ba za a ga rashin kunyata ba, wataƙila zai yi kyau a daina tayar da injin casa da shiga gona da babur ko mota daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta take, iska kuma ke kaɗawa. Na yi dogon bayani kan tartsatsi da zafin salansar babur da ta mota. Mai unguwa ya amince, ya ce tunda ni na kawo shawarar, ni zan sa ido. (Na so in ce a ba wani, amma kafin in gama tsara maganar an shafa fatiha.)

Kwana huɗu da kafa doka, bayan azahar, na jiyo ƙarar inji daga gonar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Gonar da nisa. Na yi ta shawara da zuciyata har na gamsu cewa mai sa ido ba ya cikin dokar, na hau babur, na kifa hular kwano (ni kaɗai ke sa ta a garin, kuma idan na sa ta ba na jin komai).

Sai da na gaishe shi sau uku kafin na iya kawo zancen. Ya ce injin na aro ne, gobe zai bar garin. Na ce na sani, Kawu, amma dawar gari duka tana jibge a masussuka, tartsatsi ɗaya ya isa a yi shekara ana kuka. Ya dube ni, ya kashe injin, har ya jawo damin harawar wake ya ce in kai wa awakin innata. Na ɗaure shi a bayan babur, ƙulli uku, na jijjiga na ga ya zauna daram. Gefen da ya zubo kan salansa ne kawai ban duba ba.

A hanya na ga abin da ban taɓa gani ba. Masu yankan kara suna ɗaga mini hannu bibbiyu. Dattawan gindin darbejiya suka miƙe tsaye. Na ce a raina ashe an fara gane amfanin ilimi, na riƙa ɗaga musu hannu ni ma, cikin tawali'u. Na ji ɗumi a gadon bayana, na ce rana ce.

Na doshi masussuka ke nan, sai Inna Talatu, maƙwabciyarmu, da ke dawowa daga famfo, ta sha gabana ta sheƙa mini bokitin ruwa ɗungurungum. Na faɗi gefe, babur gefe. Da na cire hular sai duniya ta cika da ihu. Damin yana ci bal-bal, hanyar da na biyo duk ɗigon wuta, maza na bi suna bugu da ganye. Tsakanina da dawar gari bai fi taku goma ba.

Da aka kashe wutar, Kawu ya ƙaraso yana haki, ya karkaɗe tokar rigarsa, ya ce a hankali, "Malam mai doka, in je in tayar da injin, ko in jira ka gama zagayen?"

Na buɗe baki in yi bayani. Inna Talatu ta ce, "Yi shiru, ɗan nan, bayan wandonka ma ya tafi."

Dokar tana nan har yau, kuma a ganina doka ce mai kyau. Sa idon ne dai aka mayar hannun Inna Talatu. Ni kuwa yanzu, kafin in gargaɗi wani kan wuta, sai na waiwaya na duba bayana tukuna.