Yadda Za Ka Zama Gwanin Ƙididdiga Ba Tare da Ka Karanta Komai Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari duk ofis sai sun san da zamanka. Declan, abokin aikinmu a ofishin ƙididdigar kifi na birnin Hobart, ya gwada su lokacin da kwantiraginsa ke dab da ƙarewa, yana neman a sabunta masa.

1. Cika kwamfuta da shafuka. Buɗe duk maƙalar lissafi da ta manhaja da ka ci karo da ita, har kwamfutar ta fara nishi. Mai wucewa zai ɗauka ilimi ne ya yi mata nauyi.

2. Tura, kada ka karanta. Karatu na masu zaman banza ne. Duba take kawai, ka jefa adireshin shafin a zauren hirar ofis.

3. Ɗora gajeren sharhi. "Abin dubawa" na 'yan koyo ne. Gwani irin Declan cewa yake, "Na daɗe ina faɗar haka." Da wannan ya tura wata maƙala mai suna Kurakuran Zanen Ƙididdiga.

4. Kauce wa tambaya. Da Tamsin, maƙwabciyar teburinsa, ta ce, "Shehi, wai me maƙalar ta ƙunsa?" sai ya girgiza kai: "Ke dai karanta, kada in rage miki daɗi." Haddace wannan amsa.

5. Halarci shayin safiyar Juma'a. Nan ake yabon gwanaye. Narelle, shugabarmu da za ta sa hannu a kwantiragin, ta haska maƙalar a bango, Declan na cin kek ɗin lamington mai barbaɗen kwakwa yana murmushi. Misalin farko na zanen da ya fi kowanne muni sai ga nasa na bara, wanda ya nuna kifi na ƙaruwa alhali ƙarewa yake, da sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Declan, mutumina," in ji Narelle, "tunda ka daɗe kana faɗa, taso ka faɗa mana."

Wallahi har na tausaya masa. Kwakwar kek ɗin ta sarƙe shi, Tamsin ce ta miƙa masa ruwa tana cewa, "Sannu, Shehi, ba ka rage mana daɗi ba."

Gargaɗi: in aka ba wani teburinka kamar yadda aka ba da na Declan, babu ruwana. Alkawarin da na yi shi ne za a san da zamanka, kuma an sani. Laifinka ne ma da ka karanta wannan har ƙarshe, ka saɓa mataki na biyu.