Ɗigo da Gidan Amana

A wani daji da kogi ya raba biyu, an yi wata zomanya mai suna Barira, mai 'ya'ya biyu ƙanana. Tun da aka kawo ta wannan ƙetaren ba ta koma ganin gida ba. Bana da kaka ta yi kyau, gyaɗa ta cika rumbu, maigida kuma ya tafi cin rani, sai mahaifiyarta ta aiko tana son ganin jikokinta tun idonta na gani. Barira ta wanke kayan yara, ta ƙulle tsaraba, ta tsai da rana. Abu guda ne ya tsaya mata a rai, shi ne Ɗigo.

Ɗigo ɗan tsakon zabuwa ne. 'Yarta Lantana ce ta ɗauko shi bayan wani ruwan ƙanƙara, jiƙe sharkaf, uwar ba labari. Tun daga ranar a kwano ɗaya suke ci, in Ɗigo bai ci ba Lantana ba ta kai hannu baki. Shi kuwa Kada, mai kwale-kwalen fito, yana da doka: ba ya ɗaukar mai fiffike.

"Mai fiffike ya tashi da kansa," in ji shi.

"Baba Kada, ko gashi bai gama fito masa ba."

"'Yata, ni ban ce gashi ba, fiffike na ce. Yana da shi ko ba shi da shi?"

Yana da shi. Dole a bar Ɗigo. Lantana ta ji, ta rungume shi ta ce, "Umma, in na dawo ban same shi ba, ni ma ba za ki same ni ba." Barira ta san 'yarta, ba ta ɗauki maganar a ta yara ba.

Hanya biyu ce a dajin ga mai tafiya da ke da abin kiwo. Ko dai ya kai shi Gidan Amana na Malam Dila, ko ya kira mai jira ya zauna masa a gida. Barira ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa, don haka ta ce sai ta ga kowanne da idonta.

Gidan Amana ya burge ta. Tsakar gida a share tas, kwanonin ruwa a jere, ɗakuna ƙanana kowanne da shimfiɗar sabuwar ciyawa. A bakin ƙofa an rataye reshen tsamiya, alamar amincewar Majalisar Daji. Malam Dila ya tare ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa.

"Malama Barira, kin zo inda ya dace. Nan gida ne na tsari. Shaho da kansa yake zuwa duba mu daga Majalisa, kuma bai taɓa tafiya da ɓacin rai ba. Tun kakana muke wannan aiki, ki tambayi kowa, ba a taɓa cin amana a gidan nan ba. Abu ɗaya muke roƙo: ki faɗa mana ranar dawowarki. Mu nan rana ita ce komai."

"Malam, na ji gidan shiru. Ba kowa ne?"

"Tarbiyya ce, Malama."

Ta fito zuciyarta ta kusa kwanciya. Amma don kada ta yi hukunci da kunne ɗaya, ta aika a kira mata Korau, birin da ke zaman jira a gidajen matafiya. Ya iso yana tauna wani abu, ya yi sallama da cikakken baki, bai jira an ce ya shigo ba.

"Uwar gida, ina rumbun yake?"

Barira ta tsaya sororo. "Kawu Korau, ko sunan tsakon ba ka tambaya ba."

"Tsako ai tsako ne. Rumbu ne kowane gida da inda yake ajiye nasa." Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ɗaga murfin tukunya, ya ɗanɗana. "Gishiri ya yi kaɗan. Kuma in gaya miki tun yanzu, ina da 'yan'uwa, kuma suna da zumunci."

Da ya tafi, Barira ta daɗe zaune hannu a haɓa. Gyaɗar nan ita ce abincin 'ya'yanta har faɗuwar ruwa. Ta ce a ranta, Gidan Amana za ta kai shi, magana ta ƙare.

Washegari ranar zaman Majalisa ce, ta ji ana cewa akwai ƙara a kan gidan. Rigakafi ya fi magani. Ta goya ƙaramin, ta tafi gindin tsamiya, ta sami wuri daga baya.

Raƙumin Dawa ne shugaba. An zaɓe shi ne don ya fi kowa hangen nesa, sai daga baya aka lura abin da ke gindinsa ne ba ya gani. Mujiya na gefensa, ita ce masaniyar doka. Mai ƙara wani tsohon kurege ne, Baba Sallau. Ya miƙe yana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, ina da kurciya guda, gurguwa. Marigayiya matata ce ta raine ta, ita kaɗai ta rage mini da nake yi wa magana da safe. Na tafi ta'aziyya ƙetare, na kai ta Gidan Amana, na ce Laraba zan dawo. Larabar tun hantsi ina bakin ruwa, aka ce kwale-kwale na yoyo, sai gobe. Alhamis na iso, Malam Dila ya miƙo mini zaren da ke ƙafarta. Zaren kawai. Ni ban zo neman komai ba, so nake a gaya mini sunan abin da aka yi mini."

Malam Dila ya miƙe, ya gaida Majalisa ɗaya bayan ɗaya, har da masu gyangyaɗi.

"Allah ya ja zamanin shugaba. Babu wanda ya kai ni jin zafin wannan abu, don ni na san kurciyar nan, mai ladabi ce. Har faɗuwar ranar Laraba tana hannuna, ta ci, ta sha, ko gashinta ɗaya bai faɗi ba. Amana ce, kuma na riƙe. To amma amana tana da wa'adi. Da rana ta faɗi, mai ita bai zo ba, sai na wayi gari na ga tsuntsuwa a gidana, ba mai ita. Wannan kuwa sunanta tsintuwa. Na yi cigiya, kamar yadda doka ta ce."

"Wa ka yi wa cigiyar?" in ji Baba Sallau.

"Iyalina, Baba. Duk suka ce ba tasu ba ce."

Barira ta dubi na dama da ita, ta dubi na hagu, tana jiran wani ya tashi. Ba wanda ya motsa. Wata bushiya ma gyaɗa kai take yi, alamar magana ta yi ma'ana.

Mujiya ta gyara murya. "Ranka ya daɗe, dokar daji ta hana cin amana, hukuncinta kora. Amma sai mu bi kalma a hankali, don gaggawa aikin shaiɗan ce. An ci? An ci, ba wanda ya musa. Amana aka ci? A nan gizo ke saƙa. Abin da aka ci ran Alhamis aka ci shi, amana kuwa ta ƙare Laraba. Ba a cin abin da ya riga ya ƙare. Saboda haka an yi ci, an kuma yi amana, amma ba su haɗu a rana ɗaya ba. Tsintuwa kuwa, tun kaka da kakanni, ba sata ba ce."

Aka yi guna-gunin yabo. Shaho ya tashi ya shaida cewa ya duba gidan ranar Alhamis ɗin da kanta, wajen azahar, kuma an karɓe shi hannu bibbiyu.

A nan ne idon Barira ya faɗa kan Kada. Yana kwance a inuwa, idanu a lumshe, yana sakace. Abin sakacen gashin tsuntsu ne, mai ruwan toka. Ta dubi Baba Sallau, ta ga shi ma abin da yake kallo ke nan. Ba ta san sa'ad da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ni mace ce mai goyo, ban san doka ba. Tambaya ɗaya gare ni. Kwale-kwalen nan, ya taɓa yin yoyo ran tafiya, ko kullum sai ran dawowa?"

Raƙumin Dawa ya waiga gabas, ya waiga yamma, bai ga mai magana ba. Aka nuna masa ƙasa.

"'Yata, tambayarki mai kyau ce, kuma Majalisa na alfahari da mata masu tambaya. Sai dai wannan magana ce ta ruwa, mu kuwa yau zaman tudu muke yi. Za a miƙa ta ga kwamitin ruwa."

"Wa ke shugabancinsa, ranka ya daɗe?"

"Wa kuwa ya san ruwa kamar Kada?"

Aka yanke hukunci: Gidan Amana ba shi da laifi. Aka shawarci Baba Sallau ya riƙa cika alkawari, aka kuma umarce shi ya ba Malam Dila haƙuri saboda ɓata suna. Tsohon ya ba da haƙurin. Malam Dila ya ce ya yafe duniya da lahira.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga gindin tsamiya Barira ba ta biya ko'ina ba sai gindin bishiyar Korau.

"Kawu, sauko mu yi magana. Kana cin nama?"

"Allah ya kiyaye. Yana sa ni ƙaiƙayi."

"'Yan'uwanka fa?"

"Duk gidanmu haka muke. Mu gyaɗa ce ajalinmu."

"In na ce Laraba, ban zo ba sai Alhamis?"

"Sai in ƙara kwana. Ni ina zan san Laraba, uwar gida? Ranar da nake ganewa ita ce ranar da rumbu ya ƙare."

Barira ta koma gida ta yi abin da za ta iya. Ta ɗebi gyaɗa ta ƙara a tsarabar mahaifiyarta, ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne ƙwarya biyu, ta bar sauran ga Allah da Korau. Ta nuna masa tsakin Ɗigo da kaskon ruwansa, ta maimaita har ya ce kunnensa ya cika. Lantana ta ja masa kunne ita ma: "Kawu, ba ya barci sai an rufe shi da ƙyalle."

A bakin ruwa Kada ya tambaye ta, kamar mai neman hira, "'Yata, an kai ɗan tsakon wurin ajiya?"

"An ba da shi amana, Baba."

"Madalla. Yaushe ne dawowa?"

"Laraba, in Allah ya so."

Ran Laraba kwale-kwale ya yi yoyo.

Da suka iso gida ran Alhamis, Barira ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Danga a kwance. Ɓawon gyaɗa ya rufe tsakar gida har idon sawu. Birai da ba ta taɓa gani ba suna barci a kan gadonta, ɗaya sanye da ɗankwalinta na biki. Rumbu a buɗe, ba ko ƙwaya. Ramin bayan ɗaki ma an tone, an mayar da ƙoren a kife, cikin ladabi.

Sai ga Korau ya fito daga madafa yana miƙa, da wani abu a kansa naɗe cikin ƙyalle. Abin ya leƙo. Ɗigo ne, ya yi ɓul-ɓul, ɗige-ɗigen zabi sun fara fito masa. Ya diro ya ruga wurin Lantana, kafin ta ɗauke shi ya zura baki cikin ƙullin tsarabar da ke hannunta.

"Wannan ba ni na koya masa ba," in ji Korau. "Gani ya yi."

Barira ta dubi rumbu, ta dubi 'yarta da ke dariya da hawaye, ta tuna zaren da aka miƙa wa Baba Sallau. Ta nisa ta ce, "Sannu da aiki, Kawu. Tashi 'yan'uwanka, a ba ni ɗankwalina." A ranar ta ɗauki kwando ta fita kalan gyaɗa a gonakin da aka riga aka girbe, kuma haka ta yi ta yi har ruwa ya sauka.

Labari ya kai Majalisa, ba ta bakin Barira ba. Malam Dila ne ya kai ƙarar Korau, don kishin al'umma. Barira ta je ta ce ita ba ta da ƙorafi, aka gode mata, aka ce ta zauna. Mujiya ta bi kalma a hankali. An ci? An ci. Yaushe? Tun daren farko, wa'adi bai cika ba. A nan ci da amana sun haɗu a rana ɗaya. Aka kori Korau daga dajin, aka kuma hana zaman jira gaba ɗaya, don kare matafiya.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Barira ba ta sake zuwa ganin gida ba sai da Ɗigo ya iya ƙetare kogi da fiffikensa.

Gidan Malam Dila kuwa yana nan inda yake, a share tas, shiru, reshen tsamiya na lilo a ƙofa, kuma har yau ba a taɓa cin amana a cikinsa ba.