Butar Baba Vernon

Wani ne a wani ƙaramin gari a jihar Nebraska ta Amurka, bakaniken tarakta, shekararsa hamsin da bakwai. Wata biyar ke nan, da zarar sun kwanta da matarsa sai ya ce bayansa ke ciwo, ya juya wa bango fuska. Sunan matar Loretta. Sai ranar wata Litinin tana shafa wa burodi man gyaɗa ta ce:

"Maigida, ranar Asabar muke cika shekara talatin da aure. Na kama mana ɗaki a otal ɗin bakin tafki. Gado ɗaya ne, kuma babu talabijin."

Mutumin naka ya shiga uku. Babu talabijin!

Ya ja motarsa sai gidan abincin Wanda, inda mazan garin ke haɗuwa kowace safiya. Shi kuwa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kurɓar gahawa ba, madara yake sha, shi ya sa suke ce masa ɗan yaye. Ya tarar da Duane mai sayar da taki yana karanta waya da ƙarfi.

"Jama'a ku ji wannan! Wai namijin da ke shan gahawa kofi biyu ko uku a rana, da wuya uwargida ta yi kuka da shi. Wai sinadarin nan mai hana barci ne ke buɗe hanyar jini."

Wani ya ce, "Ashe shi ya sa nake da 'ya'ya shida!"

Duane ya ce, "Kai kuma ɗan yaye, ci gaba da madararka, Allah ya ba Loretta haƙuri."

Aka sheƙe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe.

Ana cikin haka sai ga Baba Vernon, ɗan shekara tamanin da uku, tare da matarsa Opal. Hannunta zagaye da ƙugunsa, bakinta a kunnensa tana gaya masa magana, shi kuma sai murmushi yake. Kullum haka suke shigowa. Mutumin naka ya zuba ido. Wanda tana da butocin gahawa biyu, mai baƙin mariƙi da mai mariƙi ruwan lemo. Kowa daga baƙar take zuba masa, amma da ta zo kan Baba Vernon sai ta ɗauko ɗayar.

Ya ce a ransa, "Yauwa! Ashe ta manya daban take."

Da ya tambaya da an gaya masa, amma kunya ta hana. Ya yafito Wanda, ya yi ƙasa da murya.

"Irin ta Baba Vernon za ki ba ni."

"Kai? Gahawa? Lafiya dai?"

"Ke dai zuba, ban son tambaya."

To ka san al'adar wurin, kofi ɗaya za ka saya, in dai ba ka rufe bakinsa da hannu ba ƙari za a yi ta yi maka. Shi kuwa ya zauna a kan hannayensa. Ya ce in uku na aiki, ai tara sai abin da Allah ya yi. Ranar ya sha tara, yana yatsina fuska kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Talata ya sha goma sha biyu. Laraba ya ɗaga tayar tarakta shi kaɗai, ta faɗo masa a ƙafa, bai ko ce wash ba. Alhamis ya kashe wa Loretta ido ɗaya, ta ce, "Zo in hura maka, wani abu ya faɗa ne?"

Duane ya ce masa, "Kai mutumina, da wannan shan da kake yi kana samun barci kuwa?"

"Kamar gawa! Ai jikin ne ke shanye ta kaf, ba ya barin ko ɗigo ya hau ido. Tara ta nake yi."

Wanda ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. "Na ce ban son tambaya, ban son bayani."

Ranar Asabar ya sha goma sha bakwai, ya sa aka cika masa filas. Tafiyar minti arba'in zuwa tafki sai da ta ci awa biyu. Babu gidan man da bai tsaya ya yi fitsari ba, da gidajen mai suka ƙare ya koma gonakin masara. A otal kuwa, Loretta ta fito da sabuwar rigar barci, ya dube ta ya ce, "Minti ɗaya," ya faɗa banɗaki. Ya fito, ya kama hannunta, ya ce, "Minti ɗaya." Baiwar Allah ta ƙirga har sau goma sha ɗaya, barci ya kwashe ta.

Lahadi bayan an taso daga coci ya shigo gidan abincin a fusace, Loretta na biye da shi.

"Wanda, kin cuce ni! Ruwa kike ƙara wa gahawar nan!"

"Wane ruwa? Bawan Allah, butar nan kowa ya san ta waɗanda likita ya hana ce. An cire mata sinadarin gaba ɗaya. Jariri ma zai sha ya yi barci."

Sai Duane ya kife kai a tebur yana dukansa da hannu. Loretta ta dubi mijinta, ta dubi butar, sai yanzu ta gane komai, ta toshe baki da adiko kafaɗunta na rawa.

Mutumin naka dai bai saduda ba. Ya nufi teburin Baba Vernon, ya cire hula.

"Baba, don girman Allah, in ba gahawa ba ce, mene ne sirrin?"

Baba Vernon ya yi masa murmushi. "Ƙarfe goma da rabi."

Ya juya wajen Opal. "Mama, ke ki gaya min. Kullum hannunki a ƙugunsa, bakinki a kunnensa, kamar jiya aka ɗaura muku aure."

Opal ta ajiye cokali, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kunnen ba ya ji ne. Ƙugun kuma in na saki faɗuwa zai yi."