Watandar Furen Ustaz Kabo

Duk Umdurman, daga bakin kogi har kasuwar Suk Libya, babu masanin tsirrai kamar Ustaz Kabo, kuma shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Ya yi shekaru yana buga hatimi a wani ofishin gona a Khartum, tagarsa tana kallon bishiyar dogon yaro, saboda haka babu sirrin da ganye zai ɓoye masa. 'Yan unguwa suna kiransa Farfesan Saiwa, shi kuwa yana amsawa da gyaran murya.

'Yarsa Ikhlas, mai karatu a Malesiya, ita ta kawo masa furen okid a tukunya. Fari ne mai ɗigon ja, da kawuna huɗu a gindi kamar albasa. Matarsa Saudatu ke ba shi ruwa, ita ke jan shi inuwar randa in rana ta take. Aikin Ustaz shi ne tsayawa kusa da shi idan baƙi sun zo.

"Ya jama'a, wannan ba ciyawa ba ce," in ji shi. "Da fasfo ya shigo ƙasar nan. Ko hayaƙin keken raksha mai ƙafa uku ba ya shaƙa."

Ana nan sai zaɓen shugaban ƙungiyar Hausawan unguwa ya matso, dattawa bakwai ne masu zaɓe. Kujerar ta daɗe tana hana Ustaz sukuni, har ya ƙara wa rawaninsa tsawo tun ba a ba shi ba. Abokin takararsa, Hamuda mai gidan burodi, ba shi da abin nunawa sai burodi. Ustaz kuwa ya bi dattawan gida gida, ya yi wa kowa alkawarin kaso daga furen Malesiya.

Da Ikhlas ta ji, ta bugo waya. "Baba, ba a raba shi yana fure. A bari furen ya zube, ya cika tukunya, kuma kowane kaso sai da kawuna uku."

"Sai bayan zaɓe zai zube. In ya zube me zan ba mutane, albasa? Khalas, magana ta ƙare!"

Saura matsala ɗaya: kawuna huɗu, dattawa bakwai. Ƙaramin kai da ya rikice, amma na Ustaz sai ya tuno watandar Sallah, inda ake yanka sa kowane kashi ya sami tsoka da hanta da ƙashi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, jabanar gahawa ta zagaya, aka kawo faranti da wuƙa.

"Masanan waje raba shi suke yi," in ji Ustaz yana naɗe hannun riga. "Ni adalci zan yi masa."

Ya yi bismilla ya tsinke furen, ya yayyanka ganye, ya daddatsa saiwa, ya fere kawunan, ya kasa kashi bakwai daidai wa daida. Malam Salih, ɗaya daga cikin dattawan, ya yi ƙorafin saiwarsa ba ta kai ta maƙwabcinsa ba, nan take aka ciko masa. Saudatu ta leƙo daga ƙofa, ta ga abin da ta sha wahalar rainonsa a kan faranti, ta koma ciki ranta a ɓace.

Malam Salih ya dasa nasa a gwangwani, ya ruɓe. Alhaji Muhajir ya dafa nasa da zoɓo, wai abin Malesiya ba zai rasa magani ba, ya wuni yana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi. Na wani dattijon akuya ta shinshina ta wuce.

Ranar zaɓe dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna yabon adalcin Ustaz, sun ce tun tasowarsu ba su ga rabo mai tsafta irin wannan ba. Ustaz ya gyara rawani, ya fara tashi. Sai suka ba Hamuda kujera, don rumfar biki ɗaya ƙungiya ta mallaka, kuma babu mai son ganinta kashi bakwai. Amma ba su bar gwani haka nan ba. Baki ɗaya suka naɗa shi mai kasa naman watanda, aka miƙa masa wuƙar ƙungiya ana tafi.

Ya koma gida da wuƙa a hammata, ya tarar Saudatu ta shuka albasa a tukunyar.

"Ustaz," ta ce, "wannan in ta nuna, ka yanka yadda kake so."