Rasuwar Kwamfutar Saman Kabad

"Mama, in na ba ta haƙuri za ta tashi?"

Wannan tambayar ce, daga bakin yarinya 'yar shekara huɗu, ta sa uwarta ɗaukar biro.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ɗaci ya fi yawa a cikinsa, matar gidan nan ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutarta ta tebur, ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai minti goma ba.

Marigayiya ta yi shekara shida tana buga wa malaman makaranta takardun jarrabawa, har uwar ta samu sana'a ba tare da ta bar ɗiyarta a hannun kowa ba. Ba ta da ƙorafi. Da safe takan ce "ɗit" sau ɗaya, fankarta ta kama gurnani, shi ke nan.

Maigidan ne da kansa ya ɗora ta saman kabad, wai kar yarinya ta yi ɓarna. Ranar da abin ya faru uwar na wanka. Ta fito ta tarar shayi na ɗiga ta ramukan iskar marigayiya, yarinya kuma na tsaye riƙe da kofi, ta tsince shi a ƙasa za ta kai kicin kamar yadda aka koya mata. Ƙanin maigida, wanda ake kira Injiniya ko da yake bai taɓa kwance ko fitila ba, ya daka mata tsawa: "Kin kashe ta, hankalinki ya kwanta!" Uban na tsaye. Ya kau da kai.

Uwar ta ce a zare waya daga soket. Injiniya ya ce, "Matar yaya, bar wa maza aikinsu." Ya danna maɓallin kunnawa. Marigayiya ta ce "ɗit, ɗit, ɗit". Ya sake dannawa, fanka ta juya rabi ta tsaya. A na uku sai ƙauri.

An shanya ta kwana biyu, an goge cikinta da sifirit, an sauya mata waya, an cire ram, wato ƙwaƙwalwarta, an mayar. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da uwar ta kai ta shago, mai gyara ya leƙa ya ce, "Shayin suma kawai ya sa ta. Kunnawar ce ta kashe ta." Sannan ya nuna zoben gindin kofi da ya bushe a samanta. Uwar ta dawo da gawar gida ta ɗauko tef ta auna: ko kan kujera yarinyar ta hau, hannunta ba zai kai wurin ba. Kwana uku ke nan yarinyar ba ta yarda ta taɓa kofi, sai dai a ba ta ruwa a baki.

Marigayiya ta bar allo baƙi ƙirin, da kibod mai ɗanko, da firinta wadda ta zama marainiya. Ma'ajiyar bayananta ta tsira.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar ƙarfe goma zuwa shagon mai gyara, inda zai cire abin da ke da sauran amfani. Maigida ne zai ɗauka. Amma ba za a fita da ita ba sai ya durƙusa gaban ɗiyarsa ya faɗa mata kofin wa ne. In bai faɗa ba, gawa na nan tsakar falo, kowa ya zo ya gani.

Mai karatu, in ruwa ya shiga taka, zare waya, ka janye hannunka daga maɓallin nan. In kuma za ka zo ta'aziyya, kar ka kuskura ka kira yarinyar nan mai ɓarna, ko da wasa. Ƙofar da ka shigo ta nan za ka fita.